Maganin Kafaɗar Iya Ja-in-ja Ne

Ku da kuka san Iya Ba-Zama ai ba sai na tuna muku ba. In ta shigo gidan mutum, sallama kawai take yi daga bakin ƙofa, amma kafin ta tambayi lafiyar kowa sai ta kama dirkar rumfa ta girgiza. In dirkar ta tsaya cak, ta ce gidan nan da albarka. In ta yi rawa, ta kalli matar gida ta ce mijinki rago ne, ki faɗa mashi ni na ce. Daga nan sai ta sa hannu a ƙugu, ƙarƙashin mayafi, ta warware baƙar robar nan ta cikin tayar keke da ake ce wa tif, ta zarga a dirkar, ta ja da baya, ta kafa ƙafa. To a lokacin ne za a gaisa.

Tana ja tana gaisuwa. Ta jawo bakin robar biyu zuwa ƙirji, gwiwoyin hannu su wuce baya, ta ce ina kwana. Ta sake su a hankali, ta ce ina gajiya. Kafin ta gama tambayar yara da awaki da mai ciki ta yi gumi sharkaf. In gidan ba dirkar kirki, sai ta taka tsakiyar robar da ƙafa ta riƙa ɗaga hannuwa gefe da gefe, kamar kaza mai shirin hawa danga. Yara su yi ta dariya, ita ko a jikinta.

Sunanta na yanka Hadizatu, amma a Ketare in ka ce Hadizatu ba wanda zai nuna maka gidan. Ba-Zama kowa ya sani. A tsaye take shan fura, a tsaye take kaɗi, kuma ni dai tunda na buɗe ido zaman da na ga ta yi mai tsawo shi ne na tahiya. Ni Hajara jikarta ce, ɗiyar ɗiyarta. Uwata ta rasu ina ƙarama, Iya ce ta raine ni, shi ya sa da na yi haihuwar fari gidanta aka kawo ni wankan jego daga Sabuwa, inda nake aure. A cikin shekarun hamsin ne, Turawa ba su kai ga tafiya ba. Saboda haka duk abin da zan faɗa muku da idona na gani, in ban da guda ɗaya, shi kuma zan nuna muku shi in mun zo wurin.

Gab da faɗuwar damina samari suka ɗora mata jinka a kan rumbu. Ta zagaya, ta ɗaga kai, ta ce wannan ɗauri ko iskar mafici ba zai tsaya wa ba. Na ce Iya ki bari gobe a kira su. Ina! Ina juya baya ta jingina tsani. Tsohuwar da ta aurar da jika! Ƙarar faɗuwarta na ji daga ɗaki, na fito da jariri a hannu na tarar da ita kwance a kan kafaɗar dama. Ba ta yi ihu ba, cewa ta yi in ɗaga kai in duba mata ko jinkar ta zauna daidai.

Aka ɗauko maɗori daga Sheme, Malam Ɗanbaba, ya mayar da ƙashi ya ɗaure. Aka aika wa Kawu Sale, ɗanta, shi kaɗai ya rage mata a raye. A Faskari yake zaune, yana aikin awon auduga wajen Daudawa, yana da gida mai rufin kwano da sabon keke da yake gogewa fiye da yadda yake wanke fuskarsa. Ya zo ranshi a ɓace. Ya ce ya gaji da mutane suna yi da shi a kasuwa, wai ya bar uwarsa ita kaɗai a ƙauye tana hawan rumbu. Ya ce ta haɗa kayanta, Faskari za ta koma, ga ɗaki, ga masu yi mata daka, ta zauna ta huta. Kalmar nan ta hutu ita ta ɓata komai.

Suka yi ta yi har la'asar. A ƙarshe Iya da bakinta ta yanke. Ta ce ya ba ta zuwa kaka, ranar da za a fara sussukar gero. In ta ɗauki taɓarya ta yi lugude, ta cilla sama ta tafa ta cafe kamar yadda ta saba, to ya ƙyale ta a ɗakinta har mutuwa. In ta kasa, da hannunta za ta ɗaure kayanta. Kawu ya dubi hannun da ke rataye a tsumma ya ce ya yarda. A ganinsa ya riga ya ci.

Da aka kwance ɗori, ƙashi ya kama, amma hannu ya ƙi wuce ƙirji. Malam Ɗanbaba mutum ne marar yawan magana, kuma kullum bakinsa cike da goro. Ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce:

"Iya, ƙashi ya koma, saura jijiya. Maganinta ja-in-ja ne. Ki samu abin da zai ja da ke, safe da maraice."

Ya haye jakinsa ya tafi. Iya ta juyo ta dube ni fuskarta fal murna, ta ce ashe maganin a gida yake.

Wayyo mutanen Ketare! Washegari da sassafe ta leƙa ta kan danga ta tare maƙwabcinmu Malam Tanko, wai zakaransa ba shi da tarbiyya, yana riga ladan. Bawan Allah ya ba ta haƙuri. Ta dawo ta gwada ɗaga hannu, ta yi tsaki, ta ce wannan ba shi da ƙarfin ja. Da maraice ta tare Bafillatanar da ta daɗe tana kawo mata nono, ta ce nonon nan da rafi ya kwana. Ita wannan ta ɗan taɓuka, har da ajiye ƙwarya da riƙe ƙugu. Iya ta dawo ta ce ta ji ɗan ɗumi a wuya. Ta koma kan ladan da kansa, wai yana jan kiran salla har kununta ya huce. Ta bi mai gishiri, ta bi mai kitso, ta bi wata baiwar Allah da ta zo tambayar hanya. Da mutane suka gane sai suka riƙa canza hanya in sun hango ta.

Da ta rasa abokin yi sai ta dawo kaina. Ta leƙa fuskar jaririna ta ce kunnuwan nan na mutanen Sabuwa ne, in ya girma ba sai an saya masa malafa ba. Ni kuwa kun san ni, ba a taka ni in yi shiru, balle ina cikin zafin jego. Na ce gara kunne da hancin da ya gado a wurinta. Muka yi kaca-kaca har maƙwabta suka shigo rabo. Tana ta murmushi, ta ce duk garin nan ke kaɗai ce mai amfani.

To ga abin da ban gani da idona ba, matar Malam Tanko da ta raka ta Sheme ce ta ba ni labari. Ta ce Iya na sauka daga jaki ta tsaya kan maɗori ta ce:

"Malam, na ja da rabin Ketare. Kafaɗa ko motsi ba ta yi ba, maƙogwaro ne kaɗai ya buɗe."

Wai dariya ta sarƙe shi da goro har sai da aka bubbuga masa baya. Da ya farfaɗo ya yi mata bayani da hannu. Abu yake nufi, ba mutum ba. Abin da in ta ja zai miƙe, in ta saki zai nemi komawa, ita kuma ta hana shi komawa da sauri. Ta jawo shi zuwa ƙirji har allunan kafaɗarta su nemi haɗuwa a baya, wuya a sake, kada ta ɗage kafaɗa zuwa kunne, kuma in ta ji zafi mai suka ta dakata. Iya ta ce da ya tofar da goron nan tun farko da bai jawo mata zubar da mutunci ba. Ko mutum ɗaya ba ta ba haƙuri ba, ta ce ai neman lafiya take.

Aka shiga neman abin da ke ja. Ta gwada igiyar guga, ta ce wannan matacciya ce. Ta gwada maraƙin Malam Tanko, shi kuma ya yi ja fiye da yadda aka roƙe shi, sai a cikin kuɓewa muka tsinto ta. Ran kasuwar Kankara ta ga mai facin keke yana miƙa tif yana neman huda, ta tsaya tana kallo har aka ci rabin kasuwa. Ta nemi ya ba ta tsoho guda, ya nuna mata wani duk faci, ta ja shi sau ɗaya ya tsinke. Ta ce ita sabo take so, kuma ta san inda yake.

Ba a daɗe ba Kawu ya zo duba ta. Ya jingina kekensa a inuwa, ya shimfiɗa masa buhu kada rana ta taɓa sirdi, ya tafi masallaci. Yana dawowa ya tarar da tayar baya a kwance. Aka kira wani mai faci, ya ciro tif, ya tsoma a ruwa, kumfa ta tashi ta ko'ina. Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin ƙaya mai bin layi haka ba, wannan ya mutu. Iya na tsaye a gefe, basillar ɗinkin ƙwarya soke a ɗankwalinta. Ta miƙa hannu ta ce a ba ta gawar. Kawu ya dubi basilla, ya dubi uwarsa, ya ce Iya, Faskari fa zan koma. Ta ce:

"Ɗa na kowa ne, amma kekensa na uwarsa ne. Ai kai ka ce in warke."

Sai da ya kwana biyu a Ketare kafin a samo masa wani daga Kankara, kuma tun daga ranar in ya zo a gidan liman yake ajiye keken.

Daga nan gida ya zama sai ƙarar roba. Da asuba ja, da hantsi ja, tuwo na kan wuta ja. Ba ta ƙirga komai, waƙar daka take yi, in baiti ya ƙare ta huta, in ta ga dama ta ƙara wani. Dirkar rumfarmu ta gaji ta sunkuya, ta koma kan turken jaki, jaki ya ƙi yarda, ta koma ƙofar zaure ta ciki.

A nan ta ba ni kunyar da har yau in na tuna sai na rufe fuska. Surukina, uban mijina, dattijo mai furfura, ya taso tun daga Sabuwa da ƙaninsa su ga jika, su kuma ji yaushe zan koma. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, aka kai fura. Na roƙi Iya, na ce don Allah don Annabi yau ɗaya ki bari. Ta ce jijiya ba ta san baƙo ba. Ta zarga robar a wata ƙusa da ke jikin ƙyaure, ta ja, ta ja, ƙusar ta ce ga garinku. Robar ta kuɓuce mata gaba ɗaya, ta yi tsalle ta ƙofar zaure, ta ɗauke hular dattijon ta tsoma ta cikin ƙwaryar fura. Ina bayan ƙofa da yaro a kafaɗa, na ce yau aurena ya mutu. Iya ta leƙa ta ce sannunku da zuwa, barka da ta ɗauki hula ta bar kai.

Can sai dattijon ya tsamo hularsa ya matse, ya tambayi mene ne wannan abin. Ta yi masa bayani. Ashe shi ma kafaɗa ta daɗe tana hana shi sa riga. Ba sai ga surukina a tsaye a tsakar zaure ba, ba hula, Iya na ba shi umarni, saki wuya Malam, kada ka ɗage kafaɗa, a hankali, ba guga ba ne! Da za su tafi ya roƙe ta ta yanka masa rabi. Ta naɗe abinta a ƙugu ta ce ai shi ma yana da ɗa, ya saya mashi keke.

Muna dariya yanzu, amma abin ba wasa ba ne a wurinta. Ni ke shafa mata man shanu a kafaɗar, na san yadda take kumbura. Akwai ranar da na same ta ta kifa goshi a bango, robar a hannu, hawaye na zuba, tana jin motsina ta ce hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba. Raina ya ɓaci. Na ce Iya wai mi ke cikin ɗakin nan na laka da za ki kashe kanki a kai? Ga ɗaki mai kwano, ga jikoki, ga nama ran kasuwa. Ta ce in ci gaba da shafa in rufe mata baki. Hannun dai ya riƙa hawa, daga ƙirji zuwa haɓa, daga haɓa zuwa goshi. Da gero ya nuna tana iya ɗaura ɗankwali da kanta, har ta fara ɗan surfe in ba kowa. Na ce wa mutanen Sabuwa ba inda za ni sai na ga ƙarshen wannan magana.

Ranar sussuka gida ya cika da mata, har da waɗanda ta ja da su, Bafillatanar nan ma ta ajiye ƙwaryarta ta tsaya. Kawu ya zo ya zauna a kan turmin da aka kifa. Iya ta ci ɗamara, ta tofa yawu a tafi, ta ɗauki taɓarya. Ta fara daka, mata biyu suka shigar mata, sauti ya daidaita. Wallahi ta daka. Gumi na zuba, tana waƙa, ana amsawa. Na ga Kawu ya gyara zama. Sai ta yi mana alama da ido, ta cilla taɓarya sama, ta tafa.

Hannun hagu ya kai. Na dama ya tashi, ya tsaya a hanya. Taɓarya ta goce ta daki bakin turmi ta faɗi ƙasa.

Iya ta dube ta ta ce ai taɓaryar ce ta tsufa, amma ko mutum ɗaya bai yi dariya ba. Mata suka ce ta sake, hannu ne ya yi santsi. Kawu da kansa ya ce ta sake. Ta ce magana ɗaya ta yi. Ta shiga ɗaki, muna jin ta tana harhaɗa ƙore, ta fito da ƙunshi ta ajiye a gabansa. Ta ce ya biyo ta akwai abin da za ta damƙa masa. Ni ma na bi su.

Bayan dangar gidan, gindin ɗorawa, nan kushewun gidanmu suke. Kowa ya san suna nan, ba wanda ya taɓa tambayar wa ke nome su. Rabin wurin fes, an kewaye shi da ƙaya, rabin kuma ciyawa ta bushe a kai har gwiwa. Iya ta tsaya tana nunawa da hannun hagu.

"Ga ubanka. Ga yayarka, uwar wannan. Waɗannan ƙananan ƙannenka ne da ba su kai yaye ba. In ruwa ya sauka ciyawa ba ta jira, kuma shanu na bi ta nan. Bana da hannu ɗaya na yi, ka ga inda na tsaya. Daka kowa zai yi mani, Sale, fartanya nake so in riƙe. Tunda zan tahi, ka samu mai tsoron Allah ya riƙa zuwa, kada a taka mani su."

Ban taɓa ganin Kawu ya yi kuka ba sai ranar. Ƙato da shi, da rigarsa ta zuwa aiki, ya durƙushe a ƙasa ya rufe fuska. Ni kuwa ina kallon tudun da aka ce uwata ce, a share, ko tsinke babu. Can Kawu ya ce wa Iya ta je ta kwance kayanta, ba inda za ta. Iya ta ce to ta ji, amma ya matsa gefe, a kan ƙafar ubansa yake durƙushe.

Bai koma Faskari ranar ba. Ya tuɓe riga ya ari fartanya a wurin Malam Tanko ya nome sauran rabin, tana tsaye a kansa tana cewa hannun auduga ne, bai iya ba. Ita kuwa ba ta fasa jan robarta ba, a gidanta da gidajen mutane, kamar yadda kuka gani. Lugude dai bai dawo ba har ta bar duniya, amma da damina ta zagayo da hannu biyu ta riƙe fartanya, kuma ta yi damuna da dama tana riƙewa.

A ɗakinta ta cika, da rana tsaka, bayan gajeruwar jinya. Aka sa ta kusa da uwata. Daga shekarar Kawu ne ke tasowa daga Faskari duk farkon damina da fartanya ɗaure a bayan keke, har shi ma ƙarfinsa ya ƙare.

Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mata, ya yafe wa duk wanda ta ja da shi. Allah ya haskaka makwancinta, ya tashe ta tare da waɗanda ta ƙi tafiya ta bari. Amin.